Ranar da Na Tsayar da Bidiyon Nura

Ko da zan so in manta, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar bazara ba, ranar da na hau babur ɗina daga Gwarzo na nufi Kabo ina jin kaina kamar likitan da aka yi wa kiran gaggawa. Na daɗe ban ba wa kowa labarin nan ba. Matata ma guntu-guntu ta ji shi, kuma ba daga bakina ba.

Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare a Gwarzo (kada ka ɗauka wani babban muƙami ne, kwamfutocin da ke tashi a ɗakin namu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, sauran mun lulluɓe su da leda muna yi musu addu'a). Abokina Nura kuwa mutumin Garo ne, amma a Kabo yake zaune da iyalinsa, yana sana'ar ɗaukar bidiyon biki da suna da saukar karatu. Tare muka yi karatu a Kano, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Shi ya fara nuna min Linux, manhajar nan da ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, wadda ba a sayenta, kuma cikinta a buɗe yake. Ya ce min duk wanda ya iya, yana da damar ya leƙa ciki ya gyara. Ni dai "duk wanda" kawai kunnena ya ɗauka, "ya iya" ɗin ya faɗi a hanya.

Daga ranar na zama mai wa'azi. Na ɗora ta a kwamfutata ta hannu, na ishe abokan aikina da surutu a ɗakin malamai, har malamin lissafi kan ɗauki kujerarsa ya koma gindin darbejiya idan ya ga na buɗe jaka. Abin da na fi so shi ne in buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, in yi ta danne-danne rubutu yana gudu, mutane suna kallona. Rabin abin da nake rubutawa daga waya nake kwafo shi, ban san ma'anarsa ba.

Nura ba haka yake ba. Shi mutum ne mai sanyin hali, sai ya karanta abu sau biyu kafin ya danna. Kwamfutar da yake aiki da ita babba ce, ta tebur, da hannunsa ya haɗa ta ɗaya bayan ɗaya. A cikinta akwai katin hoto, wato wani ƙaramin faifai mai fanka da ke ɗaukar nauyin nuna bidiyo a allo. Na hannu ya saya a Kano, tsoho ne. Irin wannan kati ba ya aiki sai da wata 'yar manhaja da ake kira direba, ita ce tafintan da ke tsakanin katin da kwamfutar. Na tuna ya kwashe makonni yana fama kafin ya samu direban da ya zauna da katin lafiya a kan Linux. Ya ba ni labarin tiryan-tiryan a wajen mai shayi, ni kuwa maimakon in saurara, shawara nake ta ba shi.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi bayan an gama girbi. Bai cika mako ba Allah ya karɓi abinsa. Ya bar matarsa Hadiza da 'ya'ya uku, ƙaramar ko zama ba ta fara ba.

Bayan Hadiza ta fita takaba, sai yayansa, Yaya Sabi'u, ya kira ni a waya. Manomi ne kuma mai kiwo, ba ruwansa da harkar na'ura. Bayan mun gama gaisawa ya ce akwai wata alfarma da suke nema. Nura ya ɗauki bidiyon mutane ba adadi, amma da yake kullum shi ne a bayan kyamara, babu wanda ke da hotonsa mai motsi ko na minti ɗaya. Sai Hadiza ta tuna cewa ranar sunan autarsu ya kafa kyamara a kan ƙafarta, ya zauna a gabanta riƙe da jaririyar yana magana. Bai kai ga tura shi a wayar kowa ba, yana nan cikin babbar kwamfutar, ita kuwa tun rasuwarsa ba wanda ya kunna ta. Mahaifiyarsu, Inna, ta ce tana so ta gani. Za a ɗauko ta daga Garo ranar Asabar, kuma ba su san wanda za su amince wa ya taɓa kayan Nura ba sai ni.

Na ce masa wannan ai ƙaramin aiki ne. (Har guga na sa aka yi wa kaftanina.)

Na isa bayan azahar. An share falon, an shimfiɗa tabarmi, an aro janareta daga maƙwabta. Inna na zaune kusa da teburin, ta rame ƙwarai, carbi a hannunta. Na durƙusa muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya zafi, ya ƙarin haƙuri, ta tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta, ta sa min albarka. Hadiza na tsaye a bakin ƙofar uwar ɗaka da yarinyar a kafaɗa. Manyan yaran biyu sun zauna gaba-gaba, an yi musu wanka an shafa musu mai kamar ranar salla. Akwai kuma matan maƙwabta uku ko huɗu da suka raɓe a bango.

Na yaye zanen da aka rufe kwamfutar da shi, na danna. Ta tashi lafiya lau, kamar jiya aka kashe ta. Hadiza ta faɗa min kalmar sirri a hankali. Ban sha wahalar gano bidiyon ba, domin Nura ya jera komai da sunansa. Na yi bismilla na kunna.

Sai ga fuskarsa ta cika allon. Ya matso dab da kyamara yana gyara ta, har ana ganin ɗan tabon da ke gefen girarsa. Ya ja da baya, ya daidaita hularsa, ya zauna, aka miƙo masa jaririyar. Inna ta saki carbin ta dafe bakinta. Nura ya buɗe baki ya ce, "To, ina fata dai tana ɗauka."

A nan ne na lura hoton yana ɗan sarƙewa. Ba wani abu ba ne mai yawa, muryar ce ke ɗan riga leɓen fita, hannunsa kuma idan ya ɗaga sai ya ɗan tsaya kafin ya ƙarasa. Na rantse babu wanda ya lura a ɗakin nan sai ni. Amma ni ɗin da aka kira tun daga Gwarzo, a ce aikina bai wuce danna maɓalli ɗaya ba? Na miƙa hannu na tsayar da bidiyon. Nura ya daskare a allo, bakinsa a buɗe.

"Inna, a yi min haƙuri minti biyu," na ce. "Direban katin ne ya tsufa. Bari in sabunta shi ku ga abin tas."

Ta juyo ta dube ni kamar wadda aka tasa daga barci. Yaya Sabi'u ya ce ai su a ganinsu yana fita da kyau. Na yi masa murmushin masana, na ce bai ga kyau ba tukuna.

Na haɗa kwamfutar da datar wayata, na buɗe baƙin allon nawa na ƙa'ida, na rubuta umarni. Rubutu ya fara gudu. Na ji ɗaya daga cikin matan tana cewa ilimi dai da daɗi, kaina ya ƙara girma. Ana cikin haka kwamfutar ta tsaya ta jero min wani dogon gargaɗi da Turanci, tana tambaya ko na tabbata. Ban karanta ba. Na ce mata na tabbata. Da ta gama na kashe ta na sake kunnawa, na gyara zama na harɗe hannu.

Fanka ta juya, 'yar fitilar gaban akwatin kwamfutar ta kama. Allo kuwa baƙi ƙirin, sai wani ɗan farin layi a kusurwar sama yana ƙyaftawa.

Na ce tana shiri ne. Muka jira. Na sake kashewa na kunna, layin nan ya dawo yana ƙyafta min ido. Na cire wayar allo na hura mata iska na mayar (ban san me iskar bakina za ta yi wa direba ba, amma na hura har sau uku). Da ƙyar na samu wani allon rubutu zalla ya fito, na shiga neman mafita a waya. Wani ya ce a goge kaza, na goge. Wani ya ce a'a, kaza ne matsalar, shi ma na goge. Duk umarnin da na gani sai na kwafa na zuba mata, kamar mai ɗura wa marar lafiya duk maganin da ya tarar a kan taga. Zufa ta jiƙa kaftanin da aka goge, ta manne shi a bayana.

Aka kira la'asar. Muka je masallaci ni da Yaya Sabi'u, kuma Allah ya gafarta min, ban san surar da na karanta ba. Muka dawo na ci gaba. Yaran sun gaji sun kwanta a kan tabarma. Biyu daga cikin matan suka zame suka tafi ɗora girki. Babbar 'yar, Ummi, ta tambayi uwarta yaushe Abba zai dawo cikin talabijin, Hadiza ta juya ta shige ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Sai Inna ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa. "Malam, ba dai ya goge ba?"

Na ce mata bai goge ba, yana nan, nunawar ce kawai ta ƙi.

"To yana ina?"

Sai na nuna mata baƙin akwatin da ke kan tebur. Ta zuba wa akwatin nan ido ta daɗe tana kallonsa. Da a nan na tsaya na ce na yi kuskure, da abin ya zo da sauƙi. Amma kunya idan ta kama mutum irina, sai ya fara neman wanda zai jingina wa. Na duba ɗakin, duk wanda ke ciki yana iya kare kansa, sai mutum ɗaya. Na share zufa na ce, "Gaskiya tun asali yadda marigayi ya haɗa ta akwai kuskure a ciki. Ko ban taɓa ba, da ma za ta yi haka."

Ina rufe baki na ji ɗacin maganar a harshena. Hadiza da ta dawo bakin ƙofa ta sunkuyar da kai.

Don in kawar da zancen, na ce wa Yaya Sabi'u ya taimaka ya juyo min akwatin in duba wayoyin baya. Ya ciccibo shi ya juya. A gefen da ke fuskantar bango akwai wata takarda, an yago ta daga littafin rubutu an manna da salatif. Ya ce ga wani rubutu nan, wataƙila bayanin gyaran ne. Kafin in miƙa hannu ya riga ya ɓamɓaro ta, ya matsa wajen hasken taga. Yaya Sabi'u bai yi nisa a boko ba, don haka a hankali yake karatu, kalma ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, yadda babu wadda za ta wuce kunnen kowa.

"Kada a sabunta direban katin hoto. Sabon ba ya aiki da wannan katin, allo zai yi baƙi. Kada a bar Injiniya ya taɓa. Idan ya riga ya taɓa, a ba shi jan littafina. Kada a yi masa faɗa, da kyakkyawar niyya yake yi."

Ya ɗago kai, da zuciya ɗaya, ya tambaya wane ne kuma Injiniya.

Sunan da Nura ke tsokanata da shi ke nan tun muna Kano, tun ranar da na ce zan gyara mana rediyo na mayar da ita gida uku. Hadiza ta sani. Na ga ta ɗago ta dube ni, ta sake sunkuyawa, ba ta tona ni ba. Da ta faɗa ma da ya fi min sauƙi.

"Ni ne," na ce.

Inna ta yi wata 'yar dariya gajeriya, wadda ba ta kai ƙarshe ba ta rikiɗe ta zama kuka. Ta ce haka yake tun yana yaro, ko tulun ruwa ya ga ya tsage sai ya samu gawayi ya yi masa alama don kada wani ya ɗauka. Ta miƙa hannu aka ba ta takardar. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta shafa rubutun da yatsa, ta ninke ta ƙanana ta ƙulle a bakin mayafinta. Hadiza ce ta gaya min daga baya cewa ya rubuta ta ne lokacin da zai tafi wani aiki na kwanaki, bayan na ce zan zo in yi amfani da kwamfutar in shirya jarrabawa. Ya manna yana dariya, ya ce zan gani in yi fushi. Ban zo ba a lokacin, takardar ta zauna tana jirana.

Aka nemi jan littafin, sai aka tuna yana cikin akwatin kayansa da aka kai Garo. Rana ta yi sanyi, mai motar da ya kawo Inna yana ta leƙowa. Ta tashi da ƙyar, ta dafa bango. Na durƙusa zan ba ta haƙuri, sai ta riga ni. Ita ce ma ta ce in gaida gida, Allah ya yi albarka, na sha wahala. Wannan "ka sha wahala" ɗin ya fi min mari ciwo. A hanyar komawa Gwarzo sai da na tsaya a gefen wata gona na kashe babur, domin ba na ganin titi sosai.

Kwana biyu bayan haka Yaya Sabi'u ya aiko min da littafin da kwamfutar. Littafin makaranta ne mai jan bango, cike da ƙananan rubutun Nura, Hausa da Turanci a cakuɗe. Ya rubuta duk abin da ya gwada a kan katin nan, wanda ya yi da wanda ya ƙi, da dalilin da ya sa ya tsaya a kan tsohon direba: sababbin sun daina kula da kati mai shekarun nasa. Ya ajiye tsohon a wani wuri cikin kwamfutar, ya rubuta matakan mayar da shi ɗaya bayan ɗaya. Da ɓarnar farko kawai na yi, aikin rabin awa ne. Amma goge-gogen da na yi daga baya sun sa sai da na kwashe kwana huɗu, kullum bayan an tashi daga makaranta, ina bin layi da yatsa kamar ɗan aji ɗaya. Shi ne karo na farko a rayuwata da na saurari Nura har ya gama magana ban katse shi ba.

Ranar da allon ya haska, ban kunna bidiyon ba. Na kwafe shi a wurare uku, na kira Yaya Sabi'u. A wannan karon Garo muka kai kwamfutar, Hadiza ma ta zo da yaran. Aka haɗa komai a ɗakin Inna, na fito tsakar gida na ce mata an shirya.

Tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ɗago ba. "Ku kalla, Malam," ta ce. "Ni ranar nan na tattara zuciyata gaba ɗaya na tafi da ita Kabo. Ban sake tara wata ba tukuna."

Yaya Sabi'u ya lallashe ta, ta girgiza kai. Ta dai ja kujerarta ta koma gindin tagar ɗakin, ta ba ta baya, ta ci gaba da ɓararta.

Muka kunna. Hoton ya ci gaba da sarƙewarsa daidai yadda ya yi a farko, muryar na riga leɓe. Na tura hannuwana biyu ƙarƙashin cinyoyina na danne. Bidiyon bai fi minti shida ba, kuma babu wata babbar magana a ciki. Ya faɗi sunan yarinyar, ya yi mata addu'a, ya ce hancinta nasa ne duk wanda ya musa ya zo su yi shari'a, ya koka da zafi. Ummi ta matsa ta taɓa allon. Can wajen ƙarshe ya waiwaya gefe ya ɗaga murya ya ce, "Inna, zo ki shiga hoton mana." Daga nesa, cikin hayaniyar 'yan suna, aka ji muryarta tana cewa bari ta sauke tukunya tana zuwa. Ya jira kaɗan yana jijjiga jaririyar, sai wani ya kira shi daga waje, ya tashi ya kashe kyamarar.

A bayan taga, ƙarar ɓarar gyaɗar ta tsaya. Ba mu ji ta ci gaba ba har muka naɗe wayoyi.

Har yau, iyakar sanina, Inna ba ta kalli bidiyon nan ba. Ranar da ta iya kallo, ni na tsayar da shi saboda leɓe bai yi daidai da murya ba. Iyalan ba su taɓa tayar min da maganar ba, suna gayyatata duk wata hidima, a zuba min nama fiye da na kowa, ni kuwa in ci ina jin kamar tsakuwa.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma na saye shi da abin da ba nawa ba. Idan kwamfuta ta tsaya ta tambaye ni ko na tabbata, yanzu nakan ba ta amsa ta gaskiya, wadda yawanci a'a ce. Idan abu yana tafiya, ko da ɗingishi yake, kuma akwai mai kallonsa da hawaye, nakan zauna a kan hannuwana. Sannan duk na'urar da aka kira ni in duba, kafin in taɓa komai sai na juya bayanta na leƙa, ko wani da ya san halina ya bar saƙo a kaina.